Babi na Biyu: Me Littafi Zai Ƙara wa Mai Haɗa Lasifika?

Duk wanda ya taɓa zama a wurin biki, ko tafsirin watan azumi, ko gangamin siyasa, ya san wannan tambaya ko da bai furta ta ba: me ya sa kayan sauti suka cika wuri, lasifikoki sun kai tsayin mutum, amma abin da mai magana yake faɗa ba ya fita? Na gaba suna toshe kunne, na baya suna tambayar juna me aka ce, can kuma sai lasifika ta ƙwalla wani kuka mai tsini da ke firgita yara. Amsar da aka saba bayarwa ita ce kayan ba su da kyau, ko sun yi kaɗan, a ƙaro wasu. Sau da yawa ana ƙarowa, kuɗi su tafi, matsala kuwa tana nan daram. Daga nan ne tambaya ta biyu take tasowa, wadda ita ce ta wannan babi: shin aikin haɗa sauti yana da ilimin da ake zama a karanta, ko kuwa sana'a ce ta hannu da kunne kawai, wadda ake ɗauka a wurin maigida? Abin da na tsaya a kai shi ne, akwai wani yanki na wannan aiki da hannu ba ya koyar da shi ko shekara nawa mutum ya yi yana naɗe waya, domin dalilai ne da ido ba ya gani, kunne ma yana yaudarar mutum a kansu. Dalilan ba su da yawa, an daɗe da rubuta su, kuma mafi yawan ɓarnar kuɗi da ƙonewar kaya a wannan sana'a daga rashin saninsu take.

Lissafin da kunne ba ya faɗa

Mu fara da ƙarfi, tunda shi kowa yake tambaya a shago: wat nawa ce? Mai saye yana ɗauka cewa amfilifaya mai wat 1,000 za ta ninka ƙarar mai wat 500. Littattafan sauti suna koyar da ma'aunin da ake kira desibel tun da wuri, kuma darasin farko da ke cikinsa yana rushe wannan zato. Idan aka ninka wat sau biyu, ƙara tana hawa da desibel 3 kacal, bambancin da kunne yake lura da shi amma ba ya burge kowa. Kafin yawancin mutane su ce sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato sai an ninka wat sau goma. Mai wat 500 da yake son ninka ƙararsa, wat 5,000 yake nema. Wanda ya san wannan ba zai sayar da babur ɗinsa don ya sayi amfilifaya mai ninki biyu ba. Zai duba wata lamba da ke jikin takardar lasifika wadda masu saye ba kasafai suke kulawa da ita ba, wato yawan desibel da take bayarwa da wat 1 a tazarar mita 1. Lasifikar da ke ba da 97 ta fi mai ba da 91 da desibel 6, kuma cike wannan giɓi da ƙarfin wuta yana buƙatar ninka wat sau huɗu.

Darasi na biyu shi ne nisa. A fili, inda babu bango, duk lokacin da ka ninka tazararka daga lasifika, ƙara tana sauka da desibel 6. A ce tana ba da 100 a mita 1. A mita 2 ta zama 94, a mita 4 ta zama 88, a mita 8 ta zama 82, a mita 16 ta zama 76, a mita 32 kuma 70, wanda hayaniyar taro da rurin janareta suke iya haɗiyewa. Ga tazarar desibel 30 tsakanin na gaba da na baya, kuma murɗa maɓalli ba ya rage ta ko kaɗan, domin abin da aka ƙara wa na baya an ƙara wa na gaba. Wannan ne asalin abin da muka fara da shi, na gaba suna shan azaba na baya ba sa ji. Maganin da lissafin yake nunawa shi ne a ɗaga lasifika sama a karkata bakinta ga na nesa, yadda bambancin nisa tsakanin sahun farko da na ƙarshe zai ragu, ko kuma a kafa wasu lasifikoki a tsakiyar taro. Amma wannan na biyun yana da tarko. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafin iska yana digiri 20, saƙon da ke cikin waya kuwa yana isa nan take. Lasifikar da aka kafa a mita 34 za ta yi magana kafin muryar babbar lasifika ta iso wurin da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai mai sauraro ya ji kowace kalma sau biyu. Shi ya sa ake jinkirta ta baya da na'ura, kimanin kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ga kowace mita. Da wuya mutum ya lalubo wannan lamba da murɗe-murɗe. Sai dai a gaya masa, ko ya karanta.

Ginin ma yana cikin kayan

A shekarar 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa. Ya yi ta kwaso matasan kujeru daga wani zauren yana shimfiɗawa, yana auna tsawon lokacin da sauti yake ɗauka kafin ya mutu. Abin da ya gano shi ne tushen ilimin sautin gini har yau: girman ɗaki yana tsawaita amsa-kuwwa, abubuwa masu laushi suna gajarta ta, kuma ana iya lissafa wannan tun kafin a sa tubali. Da wannan ilimi aka tsara babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Ma'anar wannan ga masallatanmu da ɗakunan taronmu a fili take. Gini mai tayil a ƙasa da bango, ga ƙubba, ga gilashi, yana mayar da sauti ta kowane ɓangare, sai harafin da liman ya furta ya tsaya yana yawo har ya hau kan na bayansa. A irin wannan wuri ƙara murya ba ya gyara komai, domin muryar asali da kuwwarta tare suke hawa. Abin da ke taimakawa shi ne darduma mai kauri, da labule, da lasifikoki ƙanana kusa da jama'a a kan murya madaidaiciya, da kuma auna bakinsu ga mutane maimakon bango. Jikin mutane da tufafinsu ma suna shanye sauti, shi ya sa gwajin da aka yi da hantsi a masallaci wayam yake bambanta da abin da ake ji ranar Juma'a.

Batun auna bakin lasifika yana da dalili. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa. Sauti mai kauri, kamar mai kaɗawa 100, tsawon zangonsa ya kai mita 3.4, mai kaɗawa 10,000 kuwa santimita 3.4 ne. Mai kauri yana bazuwa ko'ina kamar hasken fitilar ƙwai, siriri kuma yana tafiya inda aka nufa da shi kamar hasken tocila. To, siraran sautuka su ne ke ɗauke da haruffa irin su sa da sha da ta da fa, waɗanda da su ake bambance kalma da kalma. Wanda yake gefen lasifika ko bayanta yana jin gunji, amma ba ya jin magana. Idan mai kaya bai san wannan ba, duk ƙorafin da aka kawo masa zai fassara shi da ƙarancin ƙara.

Kukan lasifika

Kukan nan da ke katse wa'azi zagaye ne: makirfo ya ɗauki abin da lasifika ta fitar, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta sake fitarwa, makirfo ya sake ɗauka. Yaron da ya koyi aiki da kallo ya san ya rage murya idan ta fara, kuma ya yi daidai, sai dai ya rasa ƙarar da ake buƙata. Littafi yana ba shi hanyoyin da suka fi wannan. Idan mai magana ya rage tazarar bakinsa da makirfo da rabi, an samu desibel 6 kyauta, ba tare da an matsa kusa da kuka ba, ribar da sai an ninka wat sau huɗu ake samun irinta. Duk lokacin da aka ninka yawan makirfon da ke buɗe, ana asarar desibel 3 daga sararin da ake da shi kafin kuka, don haka makirfo huɗu a kunne a teburin manyan baƙi, alhali mutum ɗaya ke magana, asara ce ta desibel 6. Makirfon hannu da aka fi sani, irin Shure SM58 da ya fito tun 1966, an ƙera shi ya ji gabansa ya kurmance ta baya, kuma wannan kurmancewa tana aiki ne ta wasu ƙofofi da ke bayan kansa. Mawaƙin da ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu ya toshe su, ya mayar da shi mai ji ta ko'ina, ya gayyato kukan da kansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cin ko sisi, kuma shafuka kaɗan ne a littafi.

Littattafan da ake magana a kansu

Wanda ya fi shahara ga mai farawa shi ne Sound Reinforcement Handbook, wanda Gary Davis da Ralph Jones suka rubuta wa kamfanin Yamaha a ƙarshen shekarun 1980. Yana bin hanyar sauti daki-daki, daga makirfo zuwa miksa, zuwa amfilifaya, zuwa lasifika, da zane-zane masu yawa, kuma duk da sunan kamfani da ke bangonsa, abin da ke ciki ya shafi kayan kowa. Wanda ya girme shi, Sound System Engineering na Don Davis da Carolyn Davis, ya fito a 1975, ya fi shi nauyin lissafi, ya fi dacewa da mai tsara sautin gini na dindindin. Sai na Bob McCarthy, Sound Systems: Design and Optimization, wanda ya zo bayan shekara ta 2000, yana bayani kan yadda lasifikoki da yawa suke haɗuwa su ƙarfafa juna a wani wuri su kashe juna a wani, da yadda ake auna hakan da kwamfuta. A ganina kuskure ne mai farawa ya soma da biyun ƙarshe. Zai gaji tun bai kai inda amfanin yake ba. Akwai kuma ƙananan littattafai da kamfanoni irin su Shure suke sakawa kyauta a intanet, har da wanda aka keɓe wa wuraren ibada, kuma sun isa su ɗora mutum a hanya.

Masu cewa sun tsufa

Suka ta farko da ake yi wa waɗannan littattafai ita ce zamani ya wuce su. Akwai gaskiya a ciki. Littafin Yamaha an rubuta shi lokacin da miksa take da maɓalli ɗaya ga kowane aiki, kafin miksar dijital da ake sarrafawa da wayar hannu ta zama ruwan dare, kafin kuma jerin lasifikokin da ake ratayewa kamar sarƙa, waɗanda kamfanin L-Acoustics na Faransa ya yaɗa a shekarun 1990. Wanda yake neman yadda zai ajiye saitinsa a miksar zamani, takardar da ta zo da miksar zai duba. Amma a lura da abin da ya sauya da wanda bai sauya ba. Gudun sauti a iska bai ƙaru ba tun 1975. Lasifika biyu masu om 8 (ma'aunin turjiyarsu ga wuta) da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa a fita ɗaya har yau om 4 suke zama, huɗu kuma om 2, kuma amfilifayar da aka rubuta mata kada a sauka ƙasa da 4 za ta yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone. Amfilifayar da aka matsa wa har ta wuce iyakarta, fitilarta ja tana ƙiftawa, har yau tana gurɓata sauti tana kashe ƙananan sifikokin da ke fitar da siririn sauti. Miksar dijital ta tattara na'urori goma a akwati ɗaya, ta ba yaro ɗan shekara ashirin ikon da a da sai babban kamfani ke da shi. Hakan ya ƙara buƙatar tushe, domin wanda bai san me ikwalaiza, na'urar daidaita kauri da sirancin sauti, take yi ba, yanzu yana da ita a kowane layi, yana da hanyoyi arba'in na ɓata sauti maimakon huɗu.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: ga bidiyo a YouTube, ga maigida a shago, me za a yi da littafi mai shafi ɗaruruwa? Ba na raina ko ɗaya. Bidiyo yana nuna motsin hannu, yana kuma jiyar da kai bambancin sauti, abin da takarda ba ta iyawa. Maigida yana koyar da yadda ake naɗe waya kada ta karye, da yadda ake lallashin mawaƙin da ke neman a ƙara masa murya, da abin da za a yi idan wuta ta ɗauke ana tsakar ɗaurin aure. Raunin bidiyo shi ne yana amsa tambayar da ka riga ka san yadda za ka yi ta, kuma babu mai tace shi; wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure duk da murya ɗaya suke magana. Raunin koyo a hannu kuma shi ne yana gadar da kuskure tare da ƙwarewa, ba tare da an bambance su ba. Misali mafi haɗari shi ne gurnanin nan da ke shiga lasifika daga wutar lantarki. Dabarar da ta yaɗu ita ce a cire wayar ƙasa daga fulogi, kuma sau da yawa gurnanin yana ɗaukewa, sai yaro ya riƙe ta a matsayin ilimi. Wayar nan kuwa ita ce ke kare rai idan wuta ta zubo a jikin na'ura. A 1972 makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, bayan ya taɓa makirfon da wuta ta hau. Littafi yana nuna hanyoyin kashe gurnanin ba tare da taɓa wayar kariya ba: waya mai ƙafa uku da ke soke hayaniyar da ta kwaso a hanya, da ciyar da kayan duka daga tushen wuta ɗaya.

Haka batun kunne yake. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizani ga wuraren kiɗa da taruka, ta sa desibel 100 a matsayin iyakar matsakaicin ƙara cikin kowane minti 15. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma siraran sautuka ne suke fara tafiya. Mai kayan da kunnensa ya fara mutuwa yakan ƙara siririn sauti don ya ji daidai, ya azabtar da taro duka bai sani ba. Maigidan da shi ma abin ya same shi ba zai iya gargaɗin yaronsa ba.

Karatu da idon mutumin yankinmu

Saura suka ta uku, wadda ita ce ta gaske a wurinmu: littattafan da Turanci suke, akwai tsada, kuma Amurkawa aka rubuta wa. Turancinsu na aiki ne, rabinsa zane da lamba, kuma lissafin da mai farawa yake buƙata bai wuce ninkawa da rabawa ba. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne sauya ma'auni. Inda suka ce wutar gida bolt 120 mai kaɗawa 60, tamu a Najeriya da Nijar tana wajen 220 zuwa 230 mai kaɗawa 50, don haka gurnanin namu a kan 50 da ninkinta za a neme shi. Inda suka auna da ƙafa, a mayar mita. Inda suka yi maganar layin bolt 70 na jera lasifikoki masu yawa a doguwar waya, kayan da ke kasuwanninmu galibi na bolt 100 ne, tsarin dai ɗaya ne, kuma shi ya fi dacewa da lasifikokin hasumiya da na harabar masallaci. Yanayinmu ma yana shiga lissafi. A zafin digiri 40 na bazarar Sakkwato ko Maiduguri gudun sauti yana kaiwa kusan mita 355 a daƙiƙa, busasshiyar iskar hunturu tana cin siraran sautuka a dogon zango fiye da iska mai laima, sanyin asuba kuma da ke kwance a ƙasa yana lanƙwaso sauti ya dawo ƙasa, wanda yana cikin dalilan da ke sa kiran sallar asuba ya yi nisa. Duk waɗannan suna cikin babin iska da yanayi da mai gaggawa yake tsallakewa.

Ba a karanta irin wannan littafi daga bango zuwa bango. A fara da babin desibel, a maimaita shi har sai lambobi ukun nan, 3 da 6 da 10, sun zauna a ka. Daga nan a bi hanyar saƙo, a san cewa abin da makirfo yake fitarwa ɗan mitsitsi ne, na miksa ya fi shi nesa ba kusa ba, na amfilifaya kuma shi ne mai iya motsa lasifika, kuma cusa ɗaya a ƙofar ɗaya shi ne tushen rabin ƙarar banza da ake ji. Sauran babuka a bar su sai matsala ta taso, sannan a buɗe fihirisa a nemo ta, kayan suna gaba ana gwadawa. Kunne kuwa sai a fili ake horar da shi. Littafi zai gaya maka cewa toshewar murya tana zaune wajen kaɗawa 250 zuwa 500, amma gane ta cikin daƙiƙa biyu a tsakiyar taro aikin shekaru ne. A babi na gaba za mu ɗauki matakin farko na wannan hanya, wato makirfo: yadda yake mayar da iskar baki wutar lantarki, bambancin wanda ke aiki da kansa da wanda sai an tura masa bolt 48 daga miksa, da kuma wanda ya dace da mumbari da wanda ya dace da kalangu.